Tseren Kwale-kwale da Neman Karatu: Wane Jiki Ake Nema?

Salamu alaikum ƙanenmu. Tambayarka ta iso mana nan Ingila. Ka ce shekarunka 18, tsayinka mita 1.76, nauyinka kilo 68, kana buga ƙwallo, kuma ka ji labarin jami'o'in Ingila da Amurka na ɗaukar 'yan tseren kwale-kwale har da tallafin karatu. So kake ka san ko jikinka zai yi.

Ka fara cire hoton masu kwale-kwalen Yawuri a ranka, wannan tuƙin daban yake. Mutum yana zaune ne ya juya wa inda za shi baya, a kan kujera mai zamewa gaba da baya, ƙafafunsa cikin takalmin da aka kafe a jikin jirgin. Fiye da rabin ƙarfin daga cinyoyi yake fitowa, sai gadon baya, hannu ne na ƙarshe. Shi ya sa ake neman dogo mai dogayen ƙafafu da hannuwa, don filafilinsa ya fi daɗewa cikin ruwa a kowane ja. Manyan 'yan wasa maza galibi suna tsakanin mita 1.90 da mita 2, nauyi kilo 90 zuwa 100, mata kuma wajen mita 1.80. Ka jingina da bango ka ware hannuwa, a auna daga yatsa zuwa yatsa. In ya zarce tsayinka, masu horarwa na son haka.

Ba za mu ɓoye maka ba, a mita 1.76 da wuya ka samu kujera a babban jirgin fitacciyar jami'a. Akwai ajin marasa nauyi, inda namiji ba ya wuce kilo 72.5, mace kilo 59, kuma nan ne jikinka ya dace. Sai dai an cire ajin daga gasar Olamfik bayan ta Faris a 2024, kuɗin da ake zuba masa ya ja baya. Mai riƙe akalar jirgi kuwa, wato wanda ke saita hanya ba ya tuƙi, ƙarami ake so, wajen kilo 55. Kada ka kashe kanka da yunwa don wannan.

Tsayi kaɗai ba ya tuƙi. Tseren mita 2,000 ne, minti shida zuwa bakwai ana ja ba sassauci, don haka huhu da zuciya ne jari. Ana gwada su a kan injin atisayen tuƙi na kamfanin Concept2, kuma lokacinka a mita 2,000 shi ne abin da mai horarwa zai fara tambaya. Sabon shiga mai ƙarfi kan yi wajen minti 7, manyan jami'o'in Amurka kuwa suna duban masu kusan minti 6 da daƙiƙa 20 ko ƙasa. Nemi gidan motsa jiki mai injin a Abuja ko Legas, ka yi wata shida kana ja a hankali, minti 40 zuwa 60 sau huɗu a mako, sannan ka gwada. Ka kuma duba ko kana iya tsugunawa dugaduganka na ƙasa. Mai taurin jijiyar bayan cinya yakan lanƙwasa ƙugu don ya kai gaba, daga nan ciwon baya ke farawa. Wanda ya ƙara yawan atisaye farat ɗaya kuma, haƙarƙari ke tsage masa.

Batun kuɗi, a Amurka tallafin ya fi yawa a ɓangaren mata, domin nasu ne ke ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar. Jami'o'i irin su Harvard da Yale ba sa ba da tallafin wasa sam, buƙatar ɗalibi suke dubawa. A Ingila abin da ake bayarwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin makarantar baƙo. Don Allah ka nemi gurbi da takardunka, in ka iso ka shiga kulob ɗin jami'a, duk farkon shekarar karatu suna ɗaukar waɗanda ba su taɓa riƙe filafili ba. Kafin ka taso ka koyi iyo sosai, don za a sa ka yi mita 50 da tufafi a jikinka kafin a bar ka ka hau ruwa.