An ce gida miliyon 30 a Banifandu: ta yaya zan san ya kai?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tawa. An nuna mini gida a Yamai, unguwar Banifandu, fili mita 400, ɗaki huɗu da salo, an ce miliyon 30. Mai gidan ya rantse ya kashe fiye da haka. Takardar akt da sesiyon ce, wato takardar ba da fili ta ma'aikatar magajin gari, da sunan mahaifinsa marigayi, dillali ya ce a gyara bayan an biya, kuma in ban ba da kafin alƙalami zuwa Juma'a ba wani zai ɗauka. Gumin shekara 15 ne, barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Alhaji, Juma'ar nan ta dillali ce, la'adarsa yake hange. Bar ta ta wuce.

Rantsuwar mai gida kuma ajiye ta gefe. Abin da mutum ya kashe ba shi ke yanka farashi ba. Raba lissafin biyu: nawa aka sayar da fili mita 400 a layin nan cikin shekarar nan, kuɗin da aka ƙirga a hannu nake nufi, ba wanda aka yi taya ba; sannan magini naka, ba na dillali ba, ya faɗa maka abin da ginin zai ci yau, ka rage tsufa da gyara. Ka auna da haya: in jika 125 ake biya a wata, miliyon ɗaya da rabi ke nan a shekara, sai ka yi shekara 20 kafin kuɗinka su dawo. Ka duba gindin bango. Sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa, kankare shi da makulli, ka ga ko danshi ake ɓoyewa. Tun da digar da ke tare ruwan kogi a unguwar Lamorde ta ɓalle a damunar 2020 mutane suka koyi tsoron bakin kogi, amma suna manta ruwan sama da ke kwanciya a unguwannin da ba magudana. Tambayi mai shagon kusurwa yadda layin yake a watan Agusta.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, don kullum sai na ji ta a ofis: "takarda ai a gyara daga baya." Wa ya ce? Takarda ita ce rabin kuɗin gida. Gida biyu jere, gini iri ɗaya, ɗaya da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin, ɗaya da akt da sesiyon, ba kuɗinsu ɗaya ba. Titir ne banki ke so a jingina, shi ne kuma ke tsayawa gaban alƙali. Akt ɗin da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa takarda ce ta gaskiya, amma a garin nan an sha ganin fili ɗaya da akt biyu, kowane da hatimi jawur. Na taɓa zama da mutum biyu a teburi ɗaya, lambar fili ɗaya a hannun kowa, ɗaya har ya zuba dal, wato rufin siminti. Dillalin da ya haɗa cinikin ya kashe waya.

Naka ma ya fi wannan nauyi, domin gidan gado ne. Sunan mamaci ke kan takarda. Wanda ke sayar maka ɗa ɗaya ne cikin nawa? Ina ƴan'uwansa mata? Ina wanda ke ci-rani a Kwatano ko Libiya? Ranar da ya dawo ya ce bai sa hannu ba, kai ne za ka yi ta zarya a kotu, kuma in akwai maraya a ciki, ka ci haƙƙin da miliyon 30 ba za ta wanke ba. Na san bin ofisoshin nan akwai gajiya, yau mai sa hannu ya fita, gobe an ce dosiye bai sauko ba. Gara ka sha wannan wahalar kuɗinka na aljihu.

Ka nemi takardar gado daga kotu da yardar magada duka a rubuce. Ka kai lambar filin ma'aikatar magajin gari da ofishin kadastir, mai riƙe da taswirar filaye, a duba rajista. Jeyometir, wato mai awon fili, ya zo ya gano duwatsun iyaka, don mita 400 na baki kan koma 350 a awo. Biya kuwa a gaban noter kaɗai, wato ma'aikacin doka mai tabbatar da ciniki a rubuce. In magadan suka ƙi zuwa wurin noter, ko miliyon 15 suka ce, koma Tawa da kuɗinka.