Tambaya da Amsa: Cike Layin Tayil da Hannunka

Tambaya: Assalamu alaikum. An shimfiɗa mini tayil a falo, amma mai aikin ya tafi bai cike layukan da ke tsakani ba. Zan iya yi da kaina? Kuma farin siminti ya wadatar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, in dai ka kula da ruwa, don shi ke ɓata yawancin wannan aiki.

Farin siminti zalla yana ƙanƙancewa idan ya bushe, ya tsage, ga shan datti. Gara ka sayi garin da aka haɗa domin cikon tayil, wanda masu shago ke kira girawut. Idan faɗin layin bai kai milimita 3 ba, ɗauki marar yashi. Idan ya kai haka ko ya wuce, mai yashi. Ga tayil mai santimita 40 kowane gefe da layin milimita 3, kowace murabba'in mita na cin kusan giram 200. Ke nan buhun kilo 5 zai ishi falo mai mita 4 tsawo da faɗi, har da ragowa.

Ka bar tayil ya kwana aƙalla awa 24 bayan shimfiɗawa. Cire 'yan robobin da aka sa tsakani, ka kankare simintin da ya taso cikin layin har zurfin ya kai kashi biyu bisa uku na kaurin tayil, ka share ƙura. Ciko marar zurfi ɓarewa yake yi.

Zuba ruwa a bokiti tukuna, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin buhu, sannan gari. Kwaɓin ya yi kauri kamar markaɗen gyaɗa. Bar shi minti 5 zuwa 10, ka sake juyawa. Kwaɓa abin da za ka ƙarar cikin rabin awa kawai, kuma idan ya fara sandarewa kada ka ƙara masa ruwa, zubar da shi. Ruwan da aka ƙara yana barin ƙananan ramuka idan ya bushe, daga baya cikon ya riƙa zubowa gari-gari.

Sa safar hannu, siminti na cin fata. Da faffaɗar robar shafawa, ka danna kwaɓin cikin layin a karkace, kana ratsa layukan ta kusurwa. In ka bi tsawonsu, bakin robar zai kwashe abin da ka cusa. Bayan minti 15 zuwa 30 ka goge da soso da aka matse sosai, kana sauya ruwan bokiti. Farin hazon da zai rage, busasshen ƙyalle zai ɗauke shi bayan awa biyu ko uku. Lokacin hunturu ko tsananin zafi rufe tagogi, kashe fanka, washegari ka ɗan fesa ruwa, saboda saurin bushewa na hana siminti yin ƙarfi. Kada a taka sai bayan awa 24.

Tambaya: Layin tayil na banɗakina ya yi baƙi, cikon yana fita, duk da ina wankewa da asid. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, asid ɗin ne ke cinye cikon, domin siminti ba ya jure masa. Ki daina. Baƙin kuwa fumfuna ce da danshi ke kawowa. Buroshi da ruwan bilic na wankin fararen kaya da aka sirka za su fitar da ita, amma kada bilic ya taɓa haɗuwa da asid, iskar da ke tashi guba ce. A kankare inda ya lalace, a sake cikewa, a bar wurin kwana uku ba wanka. Kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa silikon ake sa mata, wato ciko mai laushi kamar roba, don wurin yana motsi. Ki ƙwanƙwasa tayil ɗin kuma: wanda ya yi amon rami ya saki daga ƙasa, sai an ɗaga shi an sake ɗora shi kafin a yi ciko.