An gayyace ni gasar harbin kibiya a daji, ga shi ban san ƙa'idojinta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Faransa, na yi wata takwas ina koyon harbi da baka a wani kulob. Yanzu sun sa sunana a gasar da ake yi cikin daji, inda ake harbin siffofin dabbobi. Kakana maharbi ne, amma na ga wannan daban take. Me ya kamata in sani don kada in ji kunya, ko in yi wa wani lahani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Na ji daɗin tambayarka, kuma ka zo inda abin yake da tushe, domin a Faransa aka yi gasar duniya ta farko ta wannan wasa a 2003, a garin Sully-sur-Loire, ƙarƙashin hukumar harbin kibiya ta duniya wadda yanzu ake kira World Archery. Sunan wasan 3D. Ana ƙera barewa, beyar, aladen daji, dila ko talotalo da wani irin soso mai tauri, daidai girman dabbar, a dasa su tsakanin itatuwa, ku bi hanya kuna harbinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu mai rai a ciki, don haka bai shiga hanin nan da ya zo a hadisin Muslim ba, na mayar da abu mai rai abin gwajin harbi.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, a filin da ka saba kowa yana layi ɗaya, alƙali yana kallonku. A daji kuwa za ku rabu rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu, ba kwa ganin waɗanda ke gabanku, kuma yawancin lokaci babu alƙali a kusa. Kusan duk ƙa'idojin daga nan suka samo asali.

Bari mu fara da abin da ya shafi rai. Hanyar gasar fuska ɗaya take bi, da alamomi a jikin itatuwa. Kada ka koma baya ko ka yanke ta gefe, ko da ka manta kwarinka a wurin da kuka baro, saboda rukunin da ke biye da ku ya riga ya fara harbi a can. Kada ka ɗora kibiya a tsarkiya sai ka tsaya a turken harbi, wato ɗan turken da aka kafa a inda ake tsayawa a harba, kuma layi ya zo kanka. Idan za ka ja baka, ja shi yana fuskantar dabbar. Masu ɗaga shi sama su ja sannan su sauko, in tsarkiya ta kuɓuce musu kibiyar za ta tsallake komai ta faɗa inda ba wanda ya sani, kuma alƙali yana iya dakatar da mutum a kan wannan. Tsinin kibiya ma na gwaji ake so, maras kaifi a gefe. Mai faɗin baki irin na farauta an hana shi, yana yayyaga dabbar, ga hatsari.

Akwai wuri ɗaya da na fi jin tsoro, wato neman kibiyar da ta ɓace. Ka kuskure, kibiya ta shige ciyawa bayan dabbar, kun duƙa kuna nema, rukunin da ke biye da ku ya iso turke bai gan ku ba. Shi ya sa mutum ɗaya yake tsayawa a gaban dabbar, ko a jingina baka a jikinta inda kowa zai gani. Kai ma in ka iso ka ga baka a jingine, ka san akwai mutane a baya, ka jira. Kuma kada nema ya daɗe. In an ɗauki 'yan mintoci ba a samu ba, a bar ta sai an tashi. Ka tafi da kibau fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, da sunanka a jikin kowace.

Sai lissafin maki. A tsarin World Archery ana jera dabbobi 24 a zagayen share fage, kibiya biyu ga kowace. A gefen ƙirjin dabbar akwai da'irori da aka zana a jikin soson, ba sa fitowa sosai daga nesa. Ƙaramar ta can ciki maki 11 ce, wadda ta kewaye ta 10, babbar da ke nuna huhu 8, sauran jiki 5. Ƙaho da kofato ba su da maki. Kibiyar da ta taɓa layi ana ba ta makin da ya fi yawa. Masu bakan zamani mai ƙananan tayoyi a bakinsa biyu suna harbi daga turke mai launin ja, nisan da bai wuce mita 45 ba, masu bakan gargajiya da waɗanda ba sa amfani da abin saiti kuma daga shuɗin turke, iyakarsu mita 30. A Amurka ƙungiyoyi irin IBO da ASA kibiya ɗaya suke bayarwa, kuma ASA tana da da'irar maki 12. Saboda haka ka tambayi masu shirya gasar tsarin da suke bi, ka kuma halarci bayanin da ake yi da safe kafin a shiga daji.

Ba a rubuta nisan dabbar ko'ina, da ido za ka ƙiyasta, kuma nan ne daɗin wasan yake. Kibiya ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi tana sauka, don haka kuskuren 'yan mitoci ya isa ta bi ta ƙarƙashin cikin barewa. Masu dasa dabbobin sun san haka, sai su sa ƙaramar dabba a inuwa, ko su bar kwari tsakaninka da ita don idonka ya ruɗe. In harbin na gangare ne ko na hawa, kibiya takan sauka sama da inda ka nufa, sai ka rage kaɗan daga ƙiyasinka. An hana na'urar auna nisa. Madubin hangen nesa ya halatta matuƙar ba ya auna komai. An kuma hana faɗar nisa ga wanda bai harba ba tukuna. Wannan ka kiyaye shi sosai, don mu mutane ne masu son taimako, bakinka zai so ya ce wa abokinka "wannan ta kai talatin". A wurinsu maguɗi ne. Haka ƙirga taku daga turke zuwa dabba kafin kowa ya gama.

Idan kun isa wurin dabbar, hannunka a baya. Ba a taɓa kibiya ko soson sai an rubuta makin kowa, saboda ɗan motsi yana iya kai kibiya kan layi. Mutum biyu ne ke rubutu, kowa da takardarsa, a gwada a ga sun yi daidai. In an yi saɓani a kan kibiyarka, bar sauran rukuni su duba su yanke, ka karɓa da sakin fuska. Na sha ganin wanda ya yi gardama a kan maki biyu ya ɓata wa rukuninsa wuni guda. Wajen cirewa, dafa dabbar da hannu ɗaya, ka waiwaya ka tabbatar babu fuskar wani a bayan kibiyar, sannan ka ja ta a miƙe.

Sauran ladubban kuwa, kakanka ya san su tun kafin a rubuta su. In mutum ya ja baka, a yi tsit, a tsaya bayansa inda ba zai ga motsi ba, waya kuma a kashe mata ƙara. Ba a taɓa bakan wani sai da izininsa. In rukunin bayanku ya fi ku sauri, ku ba su hanya. Gutsuren kibiyar da ta karye ka sa a kwarinka, kada ka bar shi a daji. Gasar takan ci mafi yawan wuni, ka ɗauki ruwa da takalmin da ke riƙe ƙasa, ka kuma gaya wa rukuninka tun da safe cewa za ka tsaya sallar azahar, don a zaɓi lokacin hutu da wurin da ba ya kan hanyar kibiya.