Wane ne tsohon da ke ɗauke da kwaɗo a zanen Japan?

Ka tambaya ko wane ne tsohon nan mai yagaggun tufafi da kwaɗo a kafaɗa da kake yawan gani a tsofaffin zane-zanen Japan. Sunansa Gama, kuma yana cikin waɗanda Japanawa ke kira sennin, wato bayin addinin Tao na ƙasar Sin da aka yi imani sun kuɓuta daga mutuwa bayan doguwar halwa a kan duwatsu. Addinin bai kafu a Japan da limamai da wuraren ibada ba, amma siffofin waɗannan sennin sun shigo ta hannun malaman Zen (wani reshe na addinin Buddha) masu zane da tawada, musamman a zamanin Muromachi, daga 1336 zuwa 1573.

Sau da yawa ana haɗa Gama da Tekkai, gurgu mai dogara sandar ƙarfe, wanda ke hura numfashi sai ka ga ƙaramin mutum, wato ransa, yana tafiya a iska. Ka duba kwaɗon Gama da kyau, domin galibi ƙafa uku gare shi. A ganina, babu mai zanen da ya kai Bajapane Soga Shohaku ƙarfin hali, domin a zanensa na 1764 ya ba su fuskokin da suka fi kama da na mahaukata.