Maigidana yana shan sigari a ɗaki, ga jariri yana tari

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Tawa. Maigidana yana shan sigari, kuma tun shigowar sanyi ya daina fita waje, a bakin gado yake kunnawa bayan sallar isha'i. Ɗanmu mai wata 8 tari ya ƙi sakinsa. Da na yi magana sai ya ce ai yana buɗe taga, ƙurar hunturu ce kawai. Shin hayaƙin yana cutar da wanda bai sha ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Yana cutarwa ƙwarai. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji, kuma wanda ke tashi daga bakin karan sigari bai bi ta auduga ba, kai tsaye yake shiga hancin na kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 1 ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa.

Ƙura tana sa tari, wannan gaskiyar maigida ce. Amma jariri ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskar huhunsa kuma ƙanana ne, don haka hayaƙi ya fi kama shi: ciwon haƙarƙari, fuka, kunne mai zubar da ruwa, har da mutuwar farat ɗaya cikin barci. Ke ma ba ki tsira ba. Zama da mashayi yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin 100.

Batun taga shi ne ya fi damuna, domin iyaye da yawa da shi suke kwantar da hankalinsu. Taga ba ta fitar da gubar duka, fanka kuwa watsa ta take yi. Hayaƙin yana maƙalewa a katifa, da gidan sauro, da zanen goyo, da rigar da uban zai rungumi ɗansa da ita. Ɗaga gidan sauron ki sansana da safe, za ki ji. Mafita ɗaya ce: sigari ya bar ɗaki gaba ɗaya, a sha shi can ƙofar gida, a wanke hannu da baki a sauya riga kafin a ɗauki yaro. Tun 2006 dokar Nijar ta hana shan taba a wuraren jama'a, amma ba ta shiga ɗakin kwana, nan sai fahimtar juna. Kaskon garwashi da turaren wuta ma a rage su a ɗakin da yaro ke kwana.

Kada ki tare shi da faɗa yana riƙe da kara. Bari ya ci ya ƙoshi, ki ce: "Baban yaro, don Allah ka taimake ni da huhun ɗanka." Ki roƙe shi ya raka ku gidan likita ya ji da kunnensa, maza sun fi karɓar magana daga can. In ya ƙi, ki sa yayansa ko Baba su yi masa magana.

Yaron kuwa a kai shi a duba shi cikin makon nan. In kin ƙirga numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya yana kwance a natse, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, kada ki jira gari ya waye.