Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan lambun fadar Schwerin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da hidima, kuma barkanku da zuwan Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Kin ce kuna Hamburg, surukarki ta zo ziyara daga gida kuma gwiwa na damunta, ga yara uku ƙaraminsu bai cika shekara uku ba, maigida ya samu hutu, an kuma ba ku shawarar zuwa Schwerin, garin da ke arewacin Jamus mai tsohuwar fadar sarauta a bakin tafki. Kina son sanin ko wurin ya kai a yi tafiya dominsa, da abin da za a kashe, da yadda za a yi da sallah da abinci. Mun daɗe muna kai yara da baƙi can, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Ku je. Amma ku tafi da niyyar wuni a lambu da bakin tafki, shiga cikin fadar ya zama ƙari idan lokaci da ƙarfi sun ragu. Na sha ganin iyalai sun sauka daga jirgi sun zarce layin tikitin gidan tarihin da ke cikin fadar, sun yi awa biyu suna hawa da sauka, suna ta hana yara taɓa kaya, kafin su fito kowa ya gaji, tsohuwa na neman wurin zama, yara na kukan yunwa. Sai su ɗauki hoto a kan gada su juya, alhali abin da ya fi kyau a wurin yana bayan ginin, kuma ko sisi ba a biya a shige shi.

Tafiyar ba ta da wuya. Daga babbar tashar Hamburg akwai jirgin ƙasa RE1 mai wucewa Rostock, kusan awa ɗaya da rabi zai sauke ku a Schwerin. Mai Deutschlandticket, wato tikitin wata-wata na duk Jamus, ba zai ƙara ko kwabo ba, har jirgin kan titi (tram) da bas na cikin gari. Hajiya da ba ta da shi, a sayo Schleswig-Holstein-Ticket, yana aiki a Hamburg da jihar Mecklenburg-Vorpommern inda Schwerin take, kuma har mutum biyar kan iya haɗuwa a tikiti ɗaya. Sai dai daga Litinin zuwa Juma'a ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe. Duka biyun ba a shiga jiragen dogon zango, ICE ko IC, da su. Ki duba DB Navigator, manhajar kamfanin jiragen ƙasa, daren da za ku tafi, don ana yawan aiki a layin. Idan da hali ku guji Asabar ɗin da rana ta fito sosai, saboda jirgin kan cika da masu tafiya bakin teku da kekunansu, har a rasa wurin zama, balle na keken yaro. Talata zuwa Alhamis sun fi. Litinin gidan tarihin a rufe yake.

Daga tasha zuwa fada tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa, ta gefen wani ƙaramin tafki na tsakiyar gari mai suna Pfaffenteich, sannan ta tsohon gari. Hanyar na da kyau, amma wasu titunan daɓen duwatsu ne, suna wahalar da mai ciwon gwiwa. Shawarata maigida ya ɗauki tasi da Hajiya da kayan abinci, ke da yara ku tako, ku haɗu a filin Alter Garten da ke gaban gadar fada. A adana ƙafar Hajiya don lambun.

Fadar a kan tsibiri take, ruwa ya kewaye ta, gada ɗaya daga gari, wata ƙarama ta baya mai fita zuwa babban lambu. Tun kina kan gadar farko za ki ga wani mutum-mutumi na mahayin doki a saman ƙofa, ƙarƙashin ƙubba mai ruwan zinare. Niklot ke nan, sarkin ƙabilar Obotrit, waɗanda ke da ganuwa a tsibirin kafin Heinrich mai mulkin Saxony, wanda ake wa laƙabi da Zaki, ya ci ƙasar da yaƙi a 1160. Niklot ya mutu a yaƙin, amma zuriyarsa ce ta ci gaba da sarautar Mecklenburg har 1918, lokacin da aka kawo ƙarshen sarautu a Jamus. Ki ba Hajiya wannan labarin, tsofaffinmu suna son jin tarihin gidan sarauta, kuma za ki ga ta ƙara kallon ginin da kyau. Ki ƙara mata da cewa tun a ƙarni na 10 wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim ibn Yaƙub, ya rubuta da Larabci labarin wata ganuwa a cikin tafkin ruwan daɗi a wannan yanki, kuma masana tarihi na ganin wannan tsibirin yake nufi. Ginin da ake gani yau dai bai kai haka tsufa ba. Tsakanin 1845 da 1857 aka sake gina mafi yawansa, zamanin Friedrich Franz na II mai sarautar yankin, aka kwaikwayi fadar Chambord ta Faransa, shi ya sa hasumiyoyi suka yi masa yawa. Gobara ta cinye wani babban ɓangare a 1913. Zamanin Jamus ta Gabas har makarantar horar da malaman renon yara aka yi a ciki, kuma tun 1990 majalisar dokokin jihar ke zama a wani sashe. A 2024 UNESCO ta saka fadar da gine-ginen sarautar da ke kewaye da ita cikin wuraren tarihi na duniya, kuma tun daga nan baƙi suka ƙaru.

Lambun kashi biyu ne, kuma ya kamata ki bambance su tun kafin ku isa.

Na farko shi ne Burggarten, wanda ke kan tsibirin kansa, ya zagaye fadar. Ƙarami ne, cikin rabin awa an gama shi, amma ni a nan nake fi daɗewa. Ta baya akwai ɗakin gilashi da ƙarfe, Orangerie, inda ake ɓoye itatuwan da ba sa jure sanyi idan hunturu ya shigo, da bazara kuma a mayar da shi wurin shan shayi. A samansa akwai baranda mai hawa-hawa cike da furanni, daga nan kina hango tafkin har inda ido ya tsaya. Tafkin Schwerin ya haura murabba'in kilomita 60, yana cikin manyan tafkunan Jamus, saboda haka kada ki ɗauka wani kududdufi ne. Akwai kuma wani kogo da aka gina da manyan duwatsu a bakin ruwa, yara na son ratsa shi. Hawa barandar sai da matakala, to amma hanyar ƙasa mai bin gefen ruwa shimfiɗaɗɗiya ce, ga bencina a inuwar tsofaffin itatuwa. A zaunar da Hajiya a nan ta huta, ta sha iska, ta kalli jiragen ruwa suna wucewa, masu ƙarfi su hau su dawo. Wannan lambun ana rufe ƙofarsa idan duhu ya yi.

A nan ne zan ja kunnenki, kuma da gaske nake. Wurare da yawa a bakin ruwan nan babu shinge ko kaɗan, ciyawa ko daɓe ne kawai sai ruwa. Yaro ɗan shekara biyu da ya ga agwagi, kafin ki juya ki ɗauko ruwan sha ya kai baki. Ku raba aiki tun a jirgi, a san wane babba ne ke riƙe da ƙaramin a kowane lokaci, kada a ce "ai yana wajen yayarsa". Sannan akwai manyan fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya. Kyau gare su, amma idan suna da 'ya'ya faɗa gare su, sukan biyo mutum suna huci da buɗe fukafukai. Kada yara su matsa musu, kuma kada a jefa musu burodi.

Idan kun ƙetare gadar baya kun shiga Schlossgarten, babban lambun, wanda kullum a buɗe yake. A tsakiyar ƙarni na 18 wani Bafaranshe, Jean Legeay, ya tsara shi, da wata doguwar magudanar ruwa miƙaƙƙiya da wata ta gitta ta, itatuwa a jere dama da hagu. Daga baya aka faɗaɗa shi bisa tsarin Peter Joseph Lenné, fitaccen mai tsara lambuna na Jamus. Kusa da mashiga akwai mutum-mutumin Friedrich Franz na II a kan doki, da wasu rumfuna dogaye na itatuwan da aka lanƙwasa suka haɗe ta sama, ciki sanyi ƙalau ko da rana ta take. A gefen magudanar akwai gumakan dutse na tatsuniyoyin Girka, wasunsu ba su da sutura sosai. Ki sanar da Hajiya tun da wuri don kada abin ya zo mata ba zato, ga jikoki a gefe, ko kuma ku bi hanyar cikin itatuwa. Can ƙarshen magudanar ƙasa ta yi tudu hawa-hawa da ciyawa. Duk wanda ya iya ya hau ya juyo, zai ga ruwan ya miƙe ɗoɗar har gindin fada. A nan ake ɗaukar hoton da ya fi kowanne.

Wurin cin abinci kuwa, ni na fi son filin da ke kan Burgsee, ƙaramin tafkin da ke gefen fada, wanda suke kira Schwimmende Wiese. An yi shi ne don baje kolin lambuna na ƙasa da aka yi a garin a 2009, fili ne mai faɗi da ruwa ya kewaye, fadar na gabanki, mutane na shimfiɗa bargo suna hutawa. Inuwa ce ba ta da yawa, sai ki taho da lema. Ku zo da abincinku daga gida: dafa-duka a kula, soyayyar kaza, cincin, zoɓo mai sanyi, da shayi a fulas saboda Hajiya. Kunun aya ba ya jure wuni a zafi, ki bar shi. Ba a hura wuta ko gashi a lambun tarihi. Ki riƙo leda ki kwashe sharar ku tsaf. A watan Agusta rina na damun duk mai abin zaƙi, a riƙa rufe kwalba, a kuma duba kofi kafin yaro ya kai baki. Idan kun koma gida ki duba jikin yara, bayan gwiwa da hammata da bayan kunne, saboda kaska na cikin ciyawa a ƙasar nan. In abinci ya gaza, akwai burodi da kifi a wajen tashar jiragen ruwa, da shagunan döner wajen Marienplatz, sai a tambaya ko naman halal ne. Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke.

Sallah ba ta taɓa ba mu wahala ba. Da bazara azahar kan shiga bayan ƙarfe ɗaya, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi ko fiye a watan Yuni, don haka akwai yalwar lokaci. Ku fito da alwala daga gida, ku riƙo gorar ruwa ta musamman da darduma mara nauyi. A cikin Schlossgarten, idan kin kauce daga manyan hanyoyi, akwai wurare masu natsuwa a ƙarƙashin itatuwa. Mukan yi bi da bi, wani na sallah wani na tsaron yara. Ki duba ciyawar da kyau kafin ki shimfiɗa, saboda masu yawo da karnuka da kuma kashin agwagi. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 100, sai maigida ya tambayi malaminku batun ƙasaru da haɗa salloli. Ban ɗaki kuma yawanci na kuɗi ne, ki tanadi sulalla na santi 50 da yuro ɗaya.

Abin da zan ce ku kashe wa kuɗi shi ne jirgin ruwa. Tashar kamfanin jiragen ruwa na Weiße Flotte na dab da fada, suna zagaya tafki na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a watannin ɗumi. Ga mai ciwon gwiwa babu abin da ya kai wannan: tana zaune, shayinta a hannu, fada da daji da tsibirai suna wucewa ta gabanta. A riƙo mata rigar sanyi da mayafi mai kauri ko da gari ya yi zafi, don iskar tsakiyar tafki daban take, kuma wanda bai daɗe da zuwa daga gida ba ya fi mu jin ta.

Idan yara na da sauran ƙarfi, akwai hanyar Franzosenweg da ke bin bakin tafki daga ƙarshen lambu, da filin wasan yara a kanta, ta zarce har bakin yashi na Zippendorf inda ake wanka. Da Hajiya ban ba ku shawarar kaiwa can ba. Da nisa, kuma shigar masu wanka ba za ta yi mata daɗi ba. Filin wasan ya isa.

Cikin fadar kuwa yana da kyau, ba na musu. Ɗakin gadon sarauta da zauren hotunan kakannin sarakuna da daɓen katako mai zane duk abin kallo ne, kuma 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. In maigida da babban yaron na sha'awa, su shiga bayan an ci abinci, awa ɗaya ta ishe su, ku kuma kuna waje kuna hutawa. Ƙaramin dai kada a kai shi, zai wahala ya wahalar da ku.

Ku kama hanyar tasha tun wajen ƙarfe biyar zuwa shida, kada hasken rana ya ruɗe ku ku ɗauka da sauran lokaci. Jiragen yamma na cika da masu dawowa daga bakin teku, saboda haka ku isa da wuri, ku tsaya daidai inda taragon keken yara da na guragu zai tsaya, a fara shigar da Hajiya ta samu kujera. In kun tsayar da rana ki faɗa mana a nan, akwai 'yan'uwa da ke zaune kusa da garin, wataƙila wata ta fito ta taya ki riƙon yara. A gaishe da Hajiya da kyau, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.