Hukuncin wasan bidiyo da kamfani ya rufe bayan an saya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina da gidan gem a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na sayi wani wasa, bayan shekara guda kamfanin ya kashe sabarsa (kwamfutar da wasan ke dogara da ita ta intanet), yanzu ko buɗewa ba ya yi. Ina bin su wani haƙƙi? Ya halatta in sa kwafin sata?

Amsa: Ɗana, a fara tantance cinikin da aka ƙulla. In sayarwa ce, kaya ya zama naka, ba mai ikon lalata shi a hannunka. Kamfanoni kuwa cewa suke izinin amfani suka ba ka, wannan a fiƙihu haya ce. Haya a mazhabar Malikiyya sai da sanannen wa'adi. Sharaɗin "muna iya rufewa duk ranar da muka ga dama" garari ne, wato rashin tabbas a ciniki, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. A rubuta "saya" da manyan baƙaƙe, a ɓoye haya cikin ƙananan rubutu, wannan algus ne.

Ba kai kaɗai ba ne. Kamfanin Ubisoft ya rufe wasansa mai suna The Crew ranar 31 ga Maris 2024, masu faifai ma suka rasa shi. Daga nan jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka, mai aiki tun Janairun 2025, cewa dole a bayyana wa mai saye in izini kawai yake biya. Shari'a ta riga su.

Abin da nake gani: in ba a bayyana maka wa'adi ba, kana bin su kuɗinka, bayan an cire kimar amfanin da ka ci. Kuɗin cikin wasa da ka saya ba ka kashe ba bashi ne a kansu cikakke. In kuwa an faɗi wa'adi ƙarara ka yarda, Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Ka adana rasit da hoton tallar, ka rubuta wa wanda ya karɓi kuɗin, in ya yi shiru ka kai ƙara hukumar kare masu saye, FCCPC. Gaba kuma ka duba ko wasan yana tashi babu intanet kafin ka biya.

Kwafin sata a gidan gem bai halatta ba. Abin da kake bi kuɗi ne, kuma zaluncinsu bai mallaka maka fasaharsu ba.

Allah ne mafi sani.